Yadda Ake Gano Darajar Tsohon Farashin Azurfa da Kuɗin Yau

A watan Oktoban 2025 farashin azurfa ya haura dala 50 kan kowace oza, wato awon giram 31 da ɗoriya, a kasuwar duniya, kafafen labarai suka yi ta yayata cewa an wuce farashin da aka kafa tun 1980. A takarda haka ne. Amma dala 50 ta 1980 da dala 50 ta 2025 suna kawai ya haɗa su. Kuɗi mudu ne da ke ƙanƙancewa kowace shekara, kuma wanda ya auna hatsin bara da mudun bara, ya auna na bana da mudun bana, ba zai san wace shekara ta fi albarka ba sai ya mayar da awon biyu kan mudu ɗaya. Wannan mayarwar ce zan nuna maka. Na daɗe ina yin ta, musamman ga masu tambaya kan azurfar gado da masu son ajiye kuɗinsu a azurfa, kuma ba ta wuce ninkawa da rabawa ba. Wahalarta tana wajen zaɓen alƙaluman da za ka shigar. Duk inda na ce dala, dalar Amurka nake nufi, ba dalar tamma biyar ta kasuwannin Nijar ba.

Kayan da za ka tanada

Na farko, jerin tsofaffin farashi. Wanda aka fi dogara da shi shi ne na Landan, inda tun 1897 ake tsayar da farashin azurfa sau ɗaya a kowace ranar kasuwa. Ƙungiyar dillalan zinariya da azurfa ta Landan, LBMA, tana da farashin kowace rana tun daga 1968. Idan na wata-wata kake so, Bankin Duniya yana fitar da jadawalin farashin kayayyaki da ya faro daga 1960, kuma kyauta ne. Mai son komawa baya da haka ya nemi na hukumar binciken ma'adinai ta Amurka, USGS, wanda ke da farashin shekara-shekara tun 1900.

Na biyu, ma'aunin farashin kayan masarufi, wanda ake taƙaitawa da CPI. Hukumar ƙididdiga ce ke zaɓar kayan da gida yake kashe wa kuɗi, abinci da haya da sufuri da magani da sutura, ta riƙa bin farashinsu wata-wata, ta dunƙule su a lamba guda. Na Amurka hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar, BLS, ce ke fitar da shi, ya faro daga 1913, kuma an ɗauki matsakaicin shekarun 1982 zuwa 1984 a matsayin 100. A 2024 lambar ta kai 313.7, wato abin da dala 100 ta saya a waɗancan shekarun, sai da dala 313 da 'yan santi ake samunsa a 2024. Iyakar ilimin da kake buƙata ke nan.

Na uku, kalkuletar wayarka. Idan shekaru da yawa za ka lissafa, ka buɗe Excel ko Google Sheets, zai rage maka aiki ƙwarai. Na huɗu, tsohon farashin canji, idan da naira ko sefa ko sidi kake son amsar. Na biyar, ƙaramin sikelin giram, idan akwai azurfar da kake son ƙiyastawa a hannunka.

1. Ka tsayar da tambayarka kafin ka taɓa kalkuleta

Ka rubuta abu uku a saman takarda: wane lokaci kake dubawa, da kuɗin wace shekara za ka auna, kuma kuɗin wace ƙasa. A duk misalan nan zan auna da dalar 2024, saboda alƙaluman shekarar sun kammala. Kai kana iya ɗaukar watan da aka fitar na ƙarshe, sai dai duk wanda ka ɗauka ka tsaya a kansa har ƙarshen aikin.

Sannan ka yanke ko farashin rana ɗaya kake so ko matsakaicin shekara. Bambancin ba ƙarami ba ne. A ranar 18 ga Janairun 1980 farashin Landan ya kai dala 49.45, amma matsakaicin shekarar duka dala 20.98 ne. Idan tambayarka ita ce "ƙololuwar da azurfa ta taɓa kaiwa," to na rana za ka ɗauka. Idan kuma kana son sanin yadda mai sayen azurfa na yau da kullum ya ƙare, matsakaicin shekara ya fi faɗin gaskiya, don mutane ƙalilan ne suka saya ko suka sayar a wannan rana guda.

2. Ka ɗauko farashin, ka tabbatar da awonsa

Ana sayar da azurfa da ozar troy, mai nauyin giram 31.1035. Ozar da ake auna kayan abinci da ita giram 28.35 ce. Wanda ya haɗa su zai yi kuskuren kusan kashi 10 cikin ɗari tun bai fara ba. Farashin kasuwar duniya kuma na azurfa zalla ne, mai tsarkin 999 cikin 1,000, ba na mundaye ko zobba ba.

Kada ka damu idan ka ga majiyoyi sun saɓa da 'yan santi. Wani wuri zai ce ƙololuwar 1980 dala 49.45 ce, wani ya ce ta ɗan haura dala 50. Na farko farashin Landan ne, na biyu kuma na kasuwar COMEX ta New York a tsakiyar cinikin rana. Duka daidai ne. Abin da ba a so shi ne ka ɗauki 1980 daga New York, ka ɗauki 2011 daga Landan. Majiya ɗaya daga farko har ƙarshe.

3. Ka ɗauko lambobin CPI guda biyu

Ɗaya ta lokacin tsohon farashin, ɗaya ta shekarar da kake aunawa da ita. Ƙa'idar a nan ita ce wata da wata, shekara da shekara. Farashin rana ko na wata, ka haɗa shi da lambar wannan watan. Matsakaicin shekara, ka haɗa shi da matsakaicin CPI na shekarar. A 1980 tsada ta yi tsanani a Amurka: lambar Janairu 77.8 ce, matsakaicin shekara kuwa 82.4. Idan ka sa 82.4 a gurbin 77.8, amsarka za ta ragu da sama da dala 10.

Mafi sauƙin wurin samun jerin shi ne shafin FRED na babban bankin Amurka reshen St. Louis. Za ka ga iri biyu masu kama da juna. Wanda ake kira CPIAUCNS shi ne ya faro daga 1913, kuma shi za ka ɗauka. Ɗayan, CPIAUCSL, an yi masa gyaran sauyin yanayin shekara, kuma daga 1947 ya fara.

4. Lissafin kansa

Tsohon farashi, sau lambar CPI ta shekarar da kake aunawa da ita, raba da lambar CPI ta tsohon lokacin.

Mu gwada da Janairun 1980. Ka raba 313.7 da 77.8, za ka sami 4.032. Ma'anarsa dala ɗaya ta wancan watan tana sayen abin da dala huɗu da 'yan santi ke saye a 2024. Yanzu ka ninka 49.45 sau 4.032. Amsa: kusan dala 199.

Mu sake da ranar 28 ga Afrilun 2011, lokacin da farashin Landan ya kai dala 48.70. Lambar watan 224.9 ce. 313.7 raba da 224.9 ya ba da 1.395. Ka ninka da 48.70, ka sami kusan dala 68.

To ka gani. A takarda 49.45 da 48.70 kusan abu ɗaya ne, tazarar santi 75. Da aka mayar da su kuɗi ɗaya, na 1980 ya kusa ninka na 2011 sau uku. Haka kuma dala 50 ta Oktoban 2025 ba ta wuce kusan rubu'in ƙololuwar 1980 ba, don a lokacin sai farashi ya haura dala 200 kafin a ce ya kamo ta da gaske.

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne juya rabon, su sa tsohuwar lamba a sama. Ga yadda za ka kama kanka: idan kana kawo tsohon farashi zuwa yau, amsar za ta fi tsohon farashin yawa. In ka ga ta ragu, ka juya. Kuma BLS tana da kalkuleta a shafinta da ke yin wannan lissafi da kanta. Ka yi naka da hannu, sannan ka gwada da tata. Bambancin 'yan santi ba komai ba ne.

5. Ka jera shekaru da yawa, kada ka tsaya kan biyu

A Excel ka sa shekara a layin A, farashi a B, CPI a C, sannan a D ka rubuta =B2*313.7/C2 ka ja shi ƙasa. Ga abin da za ka gani idan ka yi amfani da matsakaicin shekara:

1932: kusan santi 28, CPI 13.7, da kuɗin 2024 kusan dala 6.40
1964: dala 1.29, CPI 31.0, kusan dala 13
1980: dala 20.98, CPI 82.4, kusan dala 80
2001: dala 4.37, CPI 177.1, kusan dala 7.70
2011: dala 35.12, CPI 224.9, kusan dala 49
2024: dala 28.27

Ka zauna da wannan jeri ka dube shi da kyau, don a nan amfanin aikin yake. Tsakanin 1932 da 2001 farashin takarda ya ninka sama da sau 15, amma ainihin darajar da ƙyar ta motsa cikin shekara kusan saba'in. Wanda ya saya a 2001 ya riƙe zuwa 2024, darajar kuɗinsa ta ninka sau uku da rabi da ɗoriya, bayan an cire tsada. Wanda kuwa ya saya a ranar ƙololuwar 1980, bayan shekara 44 abin da ke hannunsa bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai na abin da ya zuba ba. Azurfar ɗaya ce, ranar saye ce ta raba su.

Shi ya sa nake jan kunne kan masu tallan da ke nuna maka shekara biyu kacal. Mai son ka saya zai fara daga 2001, mai son ka guje ta zai fara daga 1980, kuma kowannensu alƙalumansa na gaskiya ne. Idan aka kawo maka irin wannan zane, abin da za ka fara tambaya shi ne daga wace shekara aka faro, kuma me ya sa.

Ita 1980 ɗin ma ya kamata ka san abin da ya haife ta, don kada ka ɗauke ta a matsayin inda farashi "ya kamata" ya koma. A farkon 1979 oza tana wajen dala 6. Wasu attajiran man fetur 'yan gida ɗaya daga jihar Texas, Nelson Bunker Hunt da William Herbert Hunt, tare da abokan hulɗarsu, suka yi ta tara azurfa da takardun cinikinta, mafi yawa da kuɗin bashi, a daidai lokacin da tsada ta addabi Amurka kuma mutane ke neman inda za su ɓoye dukiyarsu. Farashi ya ninka kusan sau takwas cikin shekara guda. A Janairun 1980 kasuwar COMEX ta sauya dokokinta, ta taƙaita sayen azurfa da bashi. Farashi ya fara gangarowa, masu bin bashi suka taso wa 'yan gidan Hunt, suka kasa biya, a ranar Alhamis 27 ga Maris oza ta faɗo ƙasa da dala 11. Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan tsakanin ƙololuwa da faɗuwa. A jadawalinka ka sa wa wannan shekara alama, ka rubuta dalilin a gefe. Haka za ka yi wa 2011, wadda ta biyo bayan rikicin bankunan 2008, da Maris ɗin 2020, lokacin da annobar korona ta kayar da oza zuwa wajen dala 12.

6. Idan da naira ko sefa kake ci da sha

Duk abin da muka yi a sama amsar mutumin Amurka ce. Kai da ke sayen gero da naira, tsadar Amurka ba ita ce ke cin aljihunka ba. Tsarin aikin shi ne: ka fara mayar da tsohon farashin zuwa naira da canjin wancan lokacin, sannan ka gyara shi da CPI na Najeriya, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ke fitarwa. Kada ka gyara da CPI na Amurka sannan ka sake gyarawa da na Najeriya, ka cire tsada sau biyu ke nan. Kada kuma ka ninka tsohon farashin dala da canjin yau ka ce ka sami tsohon farashin naira.

Ga misali. A 2011 dala tana wajen naira 154, don haka oza ta dala 35.12 ta kama kusan naira 5,400. A 2024 matsakaicin canji yana wajen naira 1,480, oza ta dala 28.27 ta kama kusan naira 41,800. A ido, ribar kusan ninki takwas. Amma tsakanin shekarun biyu farashin kaya a Najeriya ya ninka kusan sau 6.3. Ka ninka 5,400 sau 6.3, ka sami kusan 34,000. Wannan ita ce lambar da za ka gwada da 41,800. Ainihin ƙarin bai wuce kashi 20 da 'yan kai cikin ɗari ba a shekara 13.

Yanzu ka dubi abin da ya fito. Ba'amurken da ya saya a 2011 ya yi asarar kusan kashi 42 cikin ɗari, daga 49 zuwa 28.27. Ɗan Najeriyar da ya saya a shekarar ya ɗan ƙaru. Dalilin bai shafi azurfa ba, faɗuwar naira ce ta fi tsadar kaya sauri. Azurfar ta kare shi ne saboda da dala ake yi mata farashi, kuma duk wanda zai yanke shawarar ajiya ya kamata ya raba waɗannan abubuwa biyu a ransa.

Hattara da canjin hukuma da na kasuwar bayan fage. A farkon 2023, kafin a saki naira a watan Yuni, hukuma tana cewa wajen 460, 'yan canji kuwa suna sayarwa sama da 700. A irin waɗannan shekaru ka yi lissafin da duka biyun, ka rubuta wanda ka yi amfani da shi. Mai sayen azurfa a kasuwa farashinsa ya fi bin na 'yan canji.

Mutumin Nijar ko Kamaru ko Chadi aikinsa ya fi sauƙi, don sefa a ɗaure take: yuro ɗaya sefa 655.957 tun 1999. Ka mayar da dala zuwa yuro da canjin lokacin, sannan ka ninka. Kafin 1999 ta kuɗin Faransa za ka bi, kuma ka tuna da Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. A jadawalinka farashin azurfa zai ninka dare ɗaya a wannan watan, ba kuskurenka ba ne. Mutumin Gana kuma ya lura da Yulin 2007, lokacin da tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwa ɗaya. A Najeriya kafin Janairun 1973 fam ake kashewa, an canza fam ɗaya a naira biyu.

7. Idan ka rasa jerin CPI

Sau da yawa abin da za ka samu kason hauhawar farashi na kowace shekara ne kawai. Ya isa. Ka mayar da kowane kaso zuwa abin ninkawa, wato kashi 18.8 ya zama 1.188, sannan ka ninka su bi da bi. A Najeriya matsakaicin 2022 kusan 18.8 ne, na 2023 kusan 24.7, na 2024 kusan 33.2. 1.188 sau 1.247 sau 1.332 ya ba da 1.97, wato kaya sun kusa ninka kuɗinsu cikin shekara uku. Wanda ya tara kason da tarawa zai sami 76.7, ya yi ƙasa da gaskiya da kashi 20, don tsadar bana kan ta bara take hawa.

Wata matsalar ita ce sauya shekarar tushe. A farkon 2025 NBS ta sabunta ma'auninta, ta bar 2009 ta koma 2024 a matsayin 100. Idan ka raba sabuwar lamba da tsohuwa kai tsaye, shirme za ka samu. Ka nemi lokaci ɗaya da jerin biyu suka ba da lamba, ka raba ta tsohon jeri da ta sabo, abin da ya fito ka riƙa ninka duk lambobin sabon jeri da shi. In hakan ya yi maka nauyi, ka ɗauki jerin Bankin Duniya na ƙasarka, an riga an haɗe shi a tushe ɗaya.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar CPI ko kaɗan, kuma ina son ta saboda kowa yana gane ta: ka auna da albashi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 18,000 ne a 2011, yana sayen oza uku da sulusi. A 2024 an mayar da shi 70,000, bai kai oza biyu ba. Mai tsohon littafin ciniki yana iya yin haka da buhun gero ko kuɗin rago, muddin farashin daga kasuwa ɗaya ne kuma a lokaci ɗaya na shekara, don farashin kaka daban, na bazara daban. Ana kuma aunawa da zinariya: a Janairun 1980 ozar zinariya ta kai dala 850, wato wajen ozar azurfa 17, a Maris ɗin 2020 kuwa sai da oza sama da 120.

8. Farashin da ya girmi 1913

A nan ka yi tafiya a hankali. BLS ba ta da lamba kafin 1913. Babban bankin Amurka reshen Minneapolis yana da ƙiyasi da ya koma 1800, Babban Bankin Ingila kuma yana da kalkuletar fam da ta koma ƙarnoni da dama. Ƙiyasi ne na masana tarihi, don haka ka dunƙule amsarka, kada ka rubuta ta har da santi.

Tsofaffin farashin Landan da kwabo ake rubuta su, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, wato kwabo 240 a fam. Kuma kan azurfa mai tsarkin 925 ne, sai ka raba da 0.925 kafin ka sami na zalla. Abu mafi muhimmanci shi ne a wancan zamanin azurfa ita ce kuɗin. Dokar Amurka ta 1792 ta ƙayyade nauyin azurfar da ke cikin dala, abin da ya sa oza ta kama dala 1.29. Farashi ne na doka. Ya fara sakin jiki bayan 1873, lokacin da Amurka da Jamus suka karkata ga zinariya kuma aka buɗe manyan ma'adinai a jihar Nevada. Ita ma dala 1.29 ta 1964 da ke jerinmu baitulmalin Amurka ne ya riƙe ta a wurin, kafin a cire azurfa daga ƙananan tsabar kuɗi a 1965.

9. Ka mayar da lissafin kan azurfar da ke hannunka

Ka auna nauyinta da giram, ka ninka da tsarkinta, ka raba da 31.1035. Abin da ya fito shi ne yawan ozar azurfa zalla, sai ka ninka da duk farashin da kake so daga jadawalinka.

Ɗauki dalar Mariya Taresa, tsabar azurfa mai sunan sarauniyar Austriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita daga Borno da ƙasar Hausa har Sudan da Habasha, kuma har yau ana samun ta a adakar tsofaffi, wani lokaci an yi mata kunne don ratayawa. A gaba hoton sarauniyar ne da mayafi, a baya mikiya mai kai biyu. Nauyinta giram 28.07, tsarkinta 833, don haka azurfar cikinta giram 23.39 ce, oza 0.752. Da matsakaicin 2024 ta kama kusan dala 21. Shekarar 1780 da ke jikinta kada ta ruɗe ka: an ci gaba da buga ta da wannan shekara har zamaninmu, don haka yawancinsu kuɗin azurfarsu kawai suke da shi.

Tsohon sulen Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913 yana da nauyin giram 5.66 da tsarkin 925, azurfarsa giram 5.23, kusan dala 4.75 da farashin 2024. Daga 1920 aka koma buga su da tagulla mai ruwan ɗorawa, waɗannan babu azurfa a cikinsu. Na Ingila kuwa 925 ne har 1919, rabi-da-rabi daga 1920 zuwa 1946, daga 1947 babu ko ɗigo. Ka duba shekara kafin ka ɗora a sikeli.

Awarwaro da mundaye da zobban da maƙeran fari suka ƙera su ne masu wuya, don galibi babu hatimin tsarki a jikinsu, kuma an sha narka tsofaffin kuɗi a gauraya da jan ƙarfe. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, to amma ba ya kama tagulla ma, don haka gwajinsa yana fitar da jabu na baƙin ƙarfe ne kawai. Ka kai wa maƙeri amintacce, a Kurmi ko Agadas ko garinku, ya gwada maka. Kafin nan ka yi lissafi biyu, ɗaya da 800 ɗaya da 925, ka san tsakanin da darajar take.

Lambar da ka samu kuɗin ƙarfen ce a kasuwar duniya. Lokacin saye ka biya kuɗin aikin maƙeri da ribar mai shago, lokacin sayarwa kuma ba za a mayar maka da su ba, za a ma saya ƙasa da farashin duniya. Idan kana son sanin ko azurfarka ta riƙe darajarta, abin da ka biya da gaske shi za ka gyara da CPI, ka gwada shi da tayin da aka yi maka yau, kuma ka ji tayin mutum biyu ko uku.

Mai lissafin zakka kuma kada ya shigar da wannan gyara. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda malamai da yawa ke ƙiyastawa da giram 595, wato oza 19.13. Ana ninka shi da farashin ranar da shekara ta cika da canjin ranar, ba da tsohon farashi ko wanda aka gyara ba. Haka ma wajen rabon gado, a ƙiyasta kayan da farashin ranar rabo, hukuncin kuma a koma ga malami.